Daƙiƙa 32: Tarihin Muryar Koci A Ƙwallon Kwandon Jami'o'in Amurka

Mutumin da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando bai yarda wasan yana bukatar koci ba. James Naismith, malamin motsa jiki ɗan asalin Kanada, shi ne ya kafa kwandunan 'ya'yan itace guda biyu a zauren wata makarantar YMCA da ke Springfield a watan Disambar 1891, don ɗalibansa su sami abin yi a ɗaka lokacin da hunturu ya hana kowa fita. Da ya koma Jami'ar Kansas a 1898 aka damƙa masa ƙungiyar makarantar. Shekara tara ya riƙe ta, ya ci wasa 55, aka ci shi 60. Ana ba da labarin cewa ran da ɗalibinsa Phog Allen ya zo masa da maganar zai kama aikin koci, Naismith ya ce masa ai wannan wasa ba koyar da shi ake yi ba, shiga fili kawai ake yi a buga.

Dokokin wancan zamani ma suna bayan Naismith. Da zarar an jefa ƙwallo sama, koci ya zama ɗan kallo. Ko a ɗan hutun nan da ƙungiya ke da ikon nema a tsakiyar wasa, wanda 'yan kwando ke kira tayim-awut, ba shi da damar yi wa yaransa magana. Su kaɗai za su taru a tsakiyar fili, kyaftin ya faɗi abin da ya gani, a koma. Sai a 1949 aka sake doka, aka yarda koci ya yi magana da 'yan wasansa a lokacin wannan hutu. Daga ranar aka buɗe wani sabon babi, don duk abin da ake faɗa yau game da salon wane da salon wane, a cikin wannan 'yar daƙiƙa ake ganinsa tsirara. Yaran sun zo suna haki, zufa na zuba, dubban mutane na ihu, mutum ɗaya ne zai buɗe baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allen bai bi shawarar malaminsa ba, kuma ya kyauta. Kaka 39 ya yi yana horar da Kansas, ya ɗauki kofin ƙasa a 1952. Daga hannunsa Adolph Rupp ya fito, wanda ya mayar da Kentucky gagarabadau. A bencin ƙungiyar nan ta 1952 kuma akwai wani yaro mai karatun lissafi da ba a cika sa shi wasa ba, sunansa Dean Smith. Wanda ya san yadda ake jero salsalar malamai zai gane yadda abin yake a wannan fage: kowane babban koci yana da wanda ya yi wa zaman almajirci.

Kafin a zo kan Smith, dole a tsaya wurin John Wooden na Jami'ar UCLA da ke Kalifoniya. Kofin ƙasa 10 ya ɗauka cikin shekara 12, daga 1964 zuwa 1975, bakwai daga ciki a jere. A gasar kofin ƙasa ta watan Maris sau ɗaya ake cin ƙungiya ta tattara kayanta, shi ya sa ba a sa ran wani zai sake yin irin wannan. Wooden mutum ne da ya yi imani ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar farko ta atisaye yakan zaunar da zaratan samari, har da irin su Lew Alcindor wanda daga baya ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar, ya koya musu yadda ake sa safa ba tare da ta ninke ba, don ninkin safa ke kawo bororo, mai bororo kuma ba ya gudu. Kowane minti na atisaye a rubuce yake a 'yan katunan da ke aljihunsa. A kakarsa ta ƙarshe wasu masana biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, suka zauna a gefen fili suna ƙirga duk abin da ya yi na koyarwa, suka sami 2,326. Yabo bai kai kashi 7 cikin 100 ba, faɗa ma bai kai ba. Kusan rabi umarni ne tsagwaronsa, gajere, na yi kaza, tsaya nan, ɗaga hannu.

Ranar wasa kuwa sai ya zauna da takardar jadawali a nannaɗe a hannu. Ba ya son neman hutu. A ganinsa wanda ya fara nema shi ya fara nuna gajiya. Wannan ra'ayi ya kai shi nesa, amma ruwa kan ci gwani. Ran 19 ga Janairun 1974, UCLA ta je gidan Notre Dame da tarihin cin wasa 88 a jere. Saura minti uku da 'yan kai tana gaba da 70 da 59. Sai 'yan Notre Dame suka matsa, suka yi ta ƙwace ƙwallo, suka zuba maki 12 ba a rama ko ɗaya ba. Duk tsawon wannan ruwan maki Wooden bai tsayar da wasa ba, ya bar wa yaransa su fid da kansu. Aka tashi 71 da 70. Bayan mako guda UCLA ta rama da 94 da 75, sai dai tarihin ya riga ya yanke. Ni dai ina ganin ranar ya kamata ya miƙe. Amincewa da yara abu ne mai kyau, amma akwai lokacin da yaro ke bukatar jin muryar babba ko da ba wani sabon abu za a gaya masa ba.

Bob Knight na Indiana wuta ne inda Wooden yake ruwa. Yana da shekara 24 ya zama kocin makarantar horar da hafsoshi ta West Point, kuma laƙabin Janar ya bi shi har kabari. Gwanintarsa ba ta da ja. Ƙungiyarsa ta 1976 ta buga wasa 32 ta cinye duka, kuma har yau babu ƙungiyar maza da ta sake ɗaukar kofi ba tare da an ci ta ba. Yaransa suna shiga aji, suna kammala digiri. Abin mamaki, mutumin da ya fi kowa kama-karya a gefen fili shi ya fi sakar wa yara tunani a cikin fili. Salon kai harinsa ba shi da zanannen tsari, kowa zai karanci mai tsaronsa, ya tare wa ɗan'uwansa hanya, ya kutsa inda ya ga ƙofa. An ga amfanin haka a wasan ƙarshe na 1987. Syracuse na gaba da maki ɗaya, saura ƙasa da rabin minti, ƙwallo ya dawo hannun Indiana, Knight bai nemi hutu ba. An tsare babban mai jifansu Steve Alford, sai yaran suka juya ƙwallon a tsakaninsu har ya faɗo hannun Keith Smart a gefen hagu, ya jefa, ya shiga. 74 da 73.

Amma fushin da ya gina shi, shi ya rushe shi. Ran 23 ga Fabrairun 1985, a wasa da Purdue, ya fusata da alƙalin wasa ya ɗauki kujera ya wurga ta tsallake fili. A shekarar 2000 aka fito da hoton bidiyon wani atisaye na 1997 inda ya kai hannu wuyan ɗan wasansa Neil Reed. Jami'a ta ja masa kunne na ƙarshe, bai daɗe ba ya sake damƙar hannun wani ɗalibi a fusace, aka sallame shi a watan Satumba bayan shekara 29. Akwai tsofaffin 'yan wasansa da suka ci gaba da kare shi har ya mutu a 2023, suna cewa shi ya mai da su mutane. Ban musa musu ba. Sai dai kofi uku ba ya halatta wa malami wuyan ɗan mutane.

Dean Smith ya karɓi North Carolina a 1961 yana ɗan shekara 30, kuma farkon bai yi daɗi ba, har ɗalibai suka taɓa rataye mutum-mutuminsa a harabar makaranta. Abin da ya bambanta shi ƙananan al'adu ne da ya dasa. Wanda ya ci maki dole ya nuna wanda ya miƙo masa ƙwallon da yatsa, don jama'a su san ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Wanda ya gaji ya ɗaga dunƙulen hannu a fitar da shi, kuma shi zai faɗi lokacin da ya shirya komawa. Kafin jifan kyauta, yaran biyar su haɗa kai a cikin fili, mai rarraba ƙwallo ya gaya musu irin tsaron da za a yi. Wato ya dawo wa kyaftin da wani yanki na ikon da dokar 1949 ta karɓe masa. A 1966, shekarar da Don Haskins na Texas Western ya fara wasan ƙarshe da baƙaƙen fata biyar ya doke Kentucky ta Rupp da 72 da 65, Smith ya ɗauko Charlie Scott, baƙar fata na farko da jami'ar ta ba gurbin karatu ta hanyar wasa.

Hutun shawara kuwa, Smith tara shi yake yi kamar hatsin rumbu, ba ya taɓawa sai ƙarshen wasa. Ran 2 ga Maris 1974, Duke tana gabansu da maki takwas, saura daƙiƙa 17, a zamanin da babu jifa mai maki uku. Mutane sun fara fita daga zaure. Da jifan kyauta biyu, da ƙwace ƙwallo sau biyu, da hutun da ya adana, yaransa suka rage tazarar zuwa biyu, sannan Walter Davis ya yi jifa daga nesa ana busa tashi, ƙwallon ya daki allo ya faɗa. Suka ci a ƙarin lokaci, 96 da 92. Irin wannan yanayi suna gwada shi a atisaye, da agogo a kunne.

Duk da haka ana yi masa gori, don sau shida ya kai zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe bai ɗauki kofi ba. Sai daren 29 ga Maris 1982 a New Orleans, gaban mutum fiye da 60,000. Abokin karawarsa John Thompson ne na Georgetown, ƙaton mutum mai tsawon ƙafa 6 da inci 10, da farin tawul a kafaɗa, kuma amininsa ne, don shi ya yi wa Smith mataimaki a gasar Olamfik ta 1976. Georgetown na gaba da 62 da 61, saura daƙiƙa 32, Smith ya nemi hutu. Waɗanda suke cikin da'irar sun sha faɗin yadda ya yi magana a natse, kamar wanda ke gaba. Ya san za a taru a kan manyan 'yan wasansa, James Worthy da Sam Perkins, saboda haka idan an toshe ciki sai a juya ƙwallon zuwa ɗaya gefen, inda wani ɗan aji ɗaya mai shekara 19 zai kasance shi kaɗai. Da za su koma fili ya ce wa yaron ya jefa ta ciki. Michael Jordan ya jefa, ta shiga.

Abin da ya biyo baya ya fi jifan tsaya mini a rai. Thompson bai nemi hutu ba, don kada ya ba Smith damar shirya tsaro. Fred Brown ya taho da ƙwallo, saura 'yan daƙiƙu, ya hango mutum a gefensa ya ɗauka nasu ne, ya miƙa. Ashe Worthy ne. Kofi ya tafi a kan kuskuren yaro ɗaya, duniya na kallo. Thompson ya taka ya same shi, ya rungume shi, yana yi masa magana a kunne. Bayan shekara biyu Georgetown ta ɗauki kofin, Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya yi haka a babban rukunin jami'o'i, kuma da aka fitar da Brown daf da tashi, hoton da ya zaga duniya shi ne na rungumarsu ta biyu. A ofishinsa Thompson yana ajiye da ƙwallon da aka sace wa iska, don ya riƙa tuna wa yaran cewa wata rana wasa zai ƙare, abin da ke kai ne zai rage.

Wanda Georgetown ta doke a wancan wasa na 1984 ɗan ƙasarmu ne, kuma karo na biyu ke nan da kofin ya kuɓuce masa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, tsaron gida da ƙwallon hannu ya fara yi kafin ya san kwando, ya isa Jami'ar Houston a 1980. A 1983 ƙungiyarsa ba ta da na biyu wajen gudu da danƙara ƙwallo cikin kwando, ta zo wasan ƙarshe da cin wasa 26 a jere. North Carolina State ta Jim Valvano kuwa sau goma aka ci ta a kakar. Bayan hutun rabin lokaci Houston ta zuba maki 17 aka rama 2, ta wuce gaba da bakwai. A nan koci Guy Lewis ya ba da umarnin a rage gudu, a baje a fili, a ci lokaci. Yana da hujjarsa: garin Albuquerque kan tudu yake, iska ba ta isa, Olajuwon har sai da aka ba shi iskar shaƙa a benci. Amma wanda ya ɗaure dokin sukuwa a tsakiyar fage ya ba na baya dama. Valvano ya san raunin Houston a jifan kyauta yake, sai ya sa yaransa su riƙa yin keta da gangan. Ana 52 da 52, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, ya sa aka yi wa ɗan aji ɗaya Alvin Franklin keta, yaron ya zubar. Shirin da Valvano ya tsara na jifan ƙarshe ya wargaje, Dereck Whittenburg ya yi jifan neman sa'a daga nesa, ƙwallon bai kai ba, Lorenzo Charles ya cafe shi a sama ya danƙara. Olajuwon, da maki 20 da cafe ƙwallo 18, shi aka zaɓa gwarzon gasar duk da an ci su. Sa'a ta yi aikinta a daƙiƙar ƙarshe, amma shawarar mutum biyu a gefen fili ce ta kawo wasan inda sa'a za ta iya yanke shi.

Cin lokaci irin na Lewis, wanda Smith ma ya shahara da shi ta hanyar tsayar da yara huɗu a kusurwoyi huɗu, shi ya sa aka kawo agogon jifa mai daƙiƙa 45 a 1985. Yau daƙiƙa 30 ne.

Mike Krzyzewski na Duke almajirin Knight ne, ya yi masa kyaftin a West Point. Ya ɗauki tsananin ya rage dukan zuciya. Ran 28 ga Maris 1992 a Filadelfiya, Kentucky ta wuce gaba da 103 da 102, saura daƙiƙa 2.1. Abin da ya fara gaya wa yaran da suka zo benci shi ne za su ci wasan. Sannan ya tambayi Grant Hill ko zai iya wurga ƙwallon tsawon ƙafa 75, ya tambayi Christian Laettner ko zai cafe. Tambaya ya yi, don kowa ya ɗauki alkawari da bakinsa. Sun taɓa gwada wannan dabara a wasa da Wake Forest a kakar, ta ƙi. Wannan karon Rick Pitino na Kentucky bai sa kowa a gaban mai wurgi ba, Hill ya ga fili sarai, Laettner ya cafe, ya juya, ya jefa, ƙwallon ya shiga. Shekara guda bayan haka, a New Orleans, a wasan ƙarshe da North Carolina, Chris Webber na Michigan ya nemi hutu saura daƙiƙa 11, alhali ƙungiyarsa ta cinye nata duka. Aka hukunta su, Smith ya ɗauki kofinsa na biyu. Sunan Webber ake kira har yau, amma sanin hutu nawa ya rage nauyi ne da ke kan dukan benci.

A ɓangaren mata, Pat Summitt ta karɓi Tennessee a 1974 tana da shekara 22, ita ke tuƙa motar ƙungiya, ita ke wanke riguna. Ta bar aiki a 2012 da cin wasa 1,098 da kofi takwas. Kallonta kaɗai ya isa ya daidaita yarinya daga ɗaya ƙarshen fili. Tsananinta bai gaza na Knight ba, amma duk yarinyar da ta ƙare shekarun wasanta a hannunta ta fita da digiri, kuma da ciwon mantuwa ya kama ta, su ne suka yi ta zarya a kanta har ta rasu a 2016.

Tun 2021 ƙasa ta juya. Ɗan wasa yana iya sauya jami'a ba tare da zaman shekara guda ba, yana kuma iya samun kuɗi da sunansa. Wannan haƙƙinsu ne da aka daɗe ana tauyewa, amma ya sa kocin yau ba shi da tabbacin shekara huɗu da yaro, kuma wanda tsoro ne kaɗai jarinsa zai wayi gari benci ba kowa. Da za a tambaye ni wa ya fi a cikin waɗannan mutane, zan ce Wooden ya fi kofi, Krzyzewski ya fi yawan cin wasa da 1,202, amma Smith da Thompson zan ba ɗana.

Dean Smith ya rasu ran 7 ga Fabrairun 2015. Bayan 'yan makonni, tsofaffin 'yan wasansa kimanin 180, daga Michael Jordan har wanda bai cika tashi daga benci ba, kowa ya sami wasiƙa da cek na dala 200, bisa wasiyyar da ya bari cewa su je su ci abincin dare da sunansa.